Injin Goge Gefen Katako: Amfaninsa, Iyakarsa da Haɗarinsa a Shagon Kafinta

Duk wanda ya taɓa raka mai sayen kayan ɗaki kasuwa, ko a Kugbo da ke Abuja ko a layukan kafintocin Kano da Kaduna da Legas, ya san abin da mai saye ke fara yi kafin ya tambayi kuɗi. Yakan kai hannu ya shafa bakin tebur, ya ja durowa ya mayar, ya buɗe ƙofar kabad ya rufe, sannan ya duƙa ya leƙa inda katako biyu suka haɗu. Fenti na iya ruɗar ido daga nesa, amma tafin hannu ba ya ruɗuwa. Idan gefen ya yi kaushi, ko ya yi tudu da kwari, ko kuma ƙofar ta cije wajen rufewa, to ciniki ya soma lalacewa tun ba a shiga maganar farashi ba.

Wannan batu ya ƙara nauyi a 'yan shekarun nan. A watan Yunin 2015 Babban Bankin Najeriya ya sanya kayan ɗaki da ƙofofin katako da filawud cikin jerin kayayyaki 41 da aka hana masu shigo da su samun kuɗin waje a kasuwar hukuma, matakin da ya ba masu sana'ar cikin gida wata 'yar kariya. A watan Oktoban 2023 bankin ya ɗage wannan takunkumi. Yanzu gadon da kafintan unguwa ya haɗa wa amarya yana fuskantar na Sin da na Turkiyya a kasuwa ɗaya. Sau da yawa katakon namu ya fi nasu ƙwari da juriya, domin da dama daga kayan da ake shigowa da su da garin katako da aka matse ake yin su. Inda suke shan gabanmu shi ne kammalawa: santsin gefe, daidaiton kusurwa, da haɗin da ba ya barin kafa. Injin goge gefen katako na daga cikin kayan aikin da ke rage wannan tazara, kuma har yanzu ba kowane shago ne ya san shi ba.

Yadda injin yake

Tsarinsa ba shi da wuyar fahimta. Samfefa ce aka haɗa bakinta biyu ta zama bel, aka ɗora ta a kan gangar ƙarfe biyu, ɗaya a kowane ƙarshe. Moto na juya ganga ɗaya, bel ɗin kuma yana zagayawa. Abin da ya bambanta shi da sauran injinan goge katako shi ne bel ɗin a tsaye yake kamar bango, a bayansa akwai doguwar farantin ƙarfe miƙaƙƙiya da ke tokare shi, a gabansa kuma akwai teburin da ake kwantar da katako. Kafinta zai ɗora katakon a kan tebur ya tura gefensa ya jingina da bel mai gudu. Tun da tebur da farantin sun haɗu a kusurwa mai digiri 90, gefen da aka goge zai fito a sikwaya da fuskar katakon, ba tare da an dogara da ido ko tsayuwar hannu ba.

Injinan da aka fi samu a matsakaitan shaguna suna amfani da bel mai faɗin inci 6, wato kimanin santimita 15, da tsawon inci 89 ko 108. Motonsu kan kasance mai ƙarfin doki ɗaya da rabi zuwa uku, bel ɗin kuma yana gudun da ya kai kimanin mita 1,000 a minti ɗaya. Idan aka yi lissafi, bel mai inci 89 yana kewaya injin fiye da sau bakwai a kowace daƙiƙa. Wannan ne ya sa aikin da yaron shago zai daɗe yana durzawa da hannu, injin ke gama shi kafin a ƙifta ido. Ana lulluɓe farantin bayan da wani ƙyalle mai girafait, wato baƙin sinadarin da ke cikin fensir, domin bel ya riƙa sulɓewa ba tare da ya yi zafi sosai ba. A yawancin injinan ana iya karkatar da farantin daga tsaye zuwa kwance, saboda haka ana iya goge gefe a digiri 45 ko wata kusurwar da aiki ya buƙata.

Akwai mai bel da ke gudu a layi ɗaya kawai, akwai kuma wanda bel ɗinsa ke hawa yana sauka kaɗan-kaɗan yayin da yake gudu. Na biyun ya fi tsada, amma wanda ke da hali shi ya kamata ya nema. Idan bel na bin layi ɗaya, ƙwayar yashi guda da ta fi 'yan uwanta tsini za ta ja dogon zane a jikin katako, kuma wuri ɗaya na bel ɗin ne zai yi ta cinyewa alhali sauran faɗinsa sabo ne. Hawa da saukar na watsa zanen, yana rage zafi, yana kuma sa bel ya daɗe. Mai injin da ba ya wannan motsi zai iya rage asarar ta hanyar ɗaga teburin ko sauke shi lokaci zuwa lokaci.

Ayyukan da ya fi ƙwarewa a kai

Aikinsa na farko shi ne share sawun zarto. Duk kaifin zarto, yakan bar 'yan layuka a gefen katako, wani lokaci har da baƙin ƙuna. Waɗannan layuka ba sa fitowa sosai a busasshen katako, sai an shafa banish sannan su bayyana ɓaro-ɓaro, lokacin da gyara ya riga ya yi wuya.

Inda ya fi nuna kansa kuwa shi ne kan katako, wato inda zarto ya datse jijiyoyin itacen a gicciye. Kowane kafinta ya san taurin wannan wuri, musamman a itatuwa irin su maɗaci da kawo da loko, wanda ake kira iroko a kasuwannin kudu. Injin fere katako yakan tsage bakinsa, goge shi da hannu kuma yana cin lokaci da ƙarfi, ga shi hannu ya kan dulmuya kusurwoyin su zama da'ira. Bel mai gudu da farantin ƙarfe a bayansa yana cin wannan wuri ya bar shi a miƙe. Ƙafafun tebur da kujera, kan shiryayye, saman ƙofa da ƙasanta inda katakon tsaye ya haɗu da na kwance, duk aikinsa ne.

Sai daidaita ƙofofi da durowa. Ƙofar kabad mai kyau tana son 'yar tazara iri ɗaya a kowane ɓangare, kamar milimita biyu. Idan ta ɗara ramin da kaurin takarda biyu ko uku, zarto ba zai iya cire wannan ɗan kaɗan ɗin da tsabta ba. Da injin goge gefe sai a taɓa, a gwada, a sake taɓawa har ta zauna daram. Haka nan akwatin durowa da aka riga aka haɗa da gam: ana jingina gefensa gaba ɗaya da bel, sai haɗin da ya ɗan fito da busasshen gam su tafi tare. Shagon da ya karɓi kwangilar bencina da teburan makaranta ɗari biyu ko kabad ɗin kicin na rukunin gidaje, a nan ne zai ga bambanci, domin gefen na farko da na ƙarshe za su fito iri ɗaya, ko da mutane uku ne suka yi aikin.

Wani amfanin da ake mantawa da shi yana can ƙarshen injin, inda bel ke zagaye ganga. Yawancin injinan suna da ƙaramin tebur a wurin, wanda ake goge lanƙwasa ta ciki da shi, irin ta kan gado mai ado ko ƙafar kujera mai baka. Lanƙwasa ta waje, kamar zagayayyen kusurwar tebur, ana yin ta a kan farantin, ana juya katakon a hankali har a isa layin fensir. Masu haɗa kayan ɗakin amare, waɗanda adonsu ya dogara da irin waɗannan lanƙwashe-lanƙwashe, suna cikin waɗanda za su fi morar wannan ɓangare.

A shaguna da yawa a ƙasar nan, giranda ce ke yin duk waɗannan ayyuka: a ɗaura mata faifan samfefa a bi gefen katako da ita. Tana da araha, tana da sauri, amma araha ba ta ado. Faifai mai juyawa yana barin zanen da'ira, kuma tun da babu tebur babu abin tokare, duk inda hannu ya ɗan tsaya sai ya haƙa rami. Kwarin da mai saye ke ji a bakin tebur, galibi daga nan ya samo asali.

Abin da ba zai yi ba

Bai kamata a ɗora wa injin abin da ba nasa ba. Ba ya miƙar da dogon katako mai baka. Farantinsa bai cika kai mita ɗaya ba a ƙananan injina, saboda haka katakon da ya fi shi tsawo sai dai bel ya bi lanƙwasarsa, ya ma ƙara cinye bakunansa biyu. Miƙar da katako aikin injin fere ne, kuma gefen da za a manna da gam a haɗa faffaɗan saman tebur ya fi kamawa idan daga injin fere ya fito. Ba a kuma yi shi don goge faffaɗar fuska ba. Wannan yana da nasa injin.

Shagon da aikinsa ya koma kacokan kan allunan MDF da HDF masu rufin roba, kamar yadda ake gani a wuraren haɗa wadrof da kicin na zamani, buƙatarsa ta fi karkata ga zarto mai tebur da injin manna tef a gefe. Bel na iya ɓantare rufin allon. Filawud mai siririyar fatar katako a sama ma sai da hattara, domin kaurin fatar sau da yawa bai kai milimita ɗaya ba. Wanda ke aiki da katako tsantsa, shi ne ainihin mai wannan inji.

Zaɓen samfefa

Goge itace da abu mai kaushi tsohuwar dabara ce. A Afirka ta Yamma akwai wani nau'in ɓaure mai kaushin ganye, wanda Yarbawa ke kira epin, da aka daɗe ana sulɓe sassaƙa da ƙwarya da shi. Samfefar zamani kuwa tana da lamba a bayanta, kuma ƙaramar lamba ita ce mai kaushi. Lamba 60 da 80 na cire nama da sauri, 100 da 120 su ne na aikin yau da kullum, 150 da 180 kuma na sulɓewa kafin fenti. Kuskuren da aka fi yi shi ne tsallake: a tashi daga 60 a faɗa 150. Samfefa mai laushi ba ta iya share zurfin zanen mai kaushi, sai dai ta sa shi ƙyalli ya ɓuya, ya jira banish ya tona shi. Kuskure na biyu shi ne dannawa da ƙarfi idan bel ya dakushe. Dakusasshen bel ba ya yanka, gogayya kawai yake yi, gogayya kuma zafi ce, zafi kuwa shi ke barin baƙin tabo a kan katako.

Ɗanyen katako da mai danƙo suna toshe bel nan da nan. Wannan matsala ce sananniya a wurinmu, domin katakon da ke fitowa daga dazuzzukan kudu zuwa kasuwanni irin su Dei-Dei a Abuja da 'Yan Katako a Na'ibawa ta Kano sau da yawa bai gama bushewa ba. Gefen da aka daidaita a ɗanyen katako ma ba zai tsaya ba. Da hunturu ya kama, katakon zai tsuke, haɗin ya buɗe baki. Akwai sandar ɗanyar roba da ake dangwala wa bel yana gudu, ta kwashe abin da ya maƙale masa, kuma tana ƙara masa kwana sosai. Bel ɗin ajiya kuma ba a jefa shi a ƙasan siminti, domin danshi na karkatar da shi. Rataye shi ake yi a kan abu mai faɗi. Idan da kibiya a bayansa, to ta nuna inda zai fuskanta, juya shi kuwa na iya ɓalle mahaɗarsa.

Ƙura da yatsu

A nan ne ya kamata mai shago ya fi natsuwa. Injin goge gefe na daga cikin injinan da suka fi tayar da ƙura a shagon kafinta, kuma ƙurar tasa mai laushi ce, irin wadda ke daɗewa a iska tana shiga hanci da huhu. A shekarun 1960 likitoci a Ingila suka lura da yawaitar wani nau'in sankarar hanci, wadda ba kasafai ake ganinta ba, a tsakanin masu haɗa kujeru na garin High Wycombe. Binciken da ya biyo baya a ƙasashe daban-daban ya tabbatar da alaƙar, har a 1995 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ƙurar katako a rukunin farko na abubuwan da ke haddasa sankara ga ɗan Adam. A Birtaniya doka ta ƙayyade cewa ƙurar katako mai tauri kada ta wuce miligiram 3 a kowace kubik mita ta iskar wurin aiki, a matsakaicin awa takwas.

Wasu daga cikin itatuwan da muka fi amfani da su suna da nasu sharrin na musamman. An san ƙurar iroko da ta obeche da jawo asma da ƙaiƙayin fata ga masu aiki da su, ta mansoniya kuma da sa atishawa da haɓo. Allon MDF yana ɗauke da gam mai sinadarin fomaldihaid. Yaron da ya shiga koyon sana'a yana ɗan shekara 15 zai iya shafe shekara 40 yana shaƙar wannan iska, cutar kuma ba ta nuna kanta da wuri. Saboda haka injin zuƙe ƙura wani ɓangare ne na injin gogewa, kuma kuɗinsa ya kamata ya shiga lissafi tun ranar saye. Yawancin injinan suna da bakin bututu mai inci 4 da aka tanada don haka. Ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba ya tare ƙura mai laushi. Abin da ke tarewa shi ne takunkumi mai matata irin N95 ko FFP2, wanda ya kama fuska sosai. Share shago da busa iska kuma tayar da ƙurar da ta kwanta ne kawai. Dokar Masana'antu ta ƙasa ta wajabta kare ma'aikata daga shaƙar ƙura mai cutarwa, sai dai ƙananan shagunan bakin titi, inda akasarin kafintocinmu suke, ba kasafai idon masu duba masana'antu ke kaiwa gare su ba. Nauyin ya koma kan maigidan shago.

Bel ba shi da haƙora kamar zarto, shi ya sa ake raina shi, amma abin da ke cin maɗaci a daƙiƙa ba zai ji tausayin fata ba. Kada tazarar da ke tsakanin tebur da bel ta wuce milimita biyu, don kada yatsa ko guntun katako ya faɗa ciki. Ba a sa safar hannu, ba a kuma tsayawa gaban injin da babbar riga ko hannun riga mai faɗi, domin ganga na kama ƙyalle ta ja hannu. Akwai ɗan ƙarfen tokare a ƙarshen teburin, ɓangaren da bel ke nufa. A jikinsa ake jingina katako don kada bel ya fizge shi ya harba. Wajen kai katako ga bel, ƙarshen da ke kusa da wannan tokare ne ake fara taɓawa, sannan a kwantar da sauran. Idan kusurwar da ke fuskantar tahowar bel ce ta fara taɓawa, sai ta cake, katakon ya ƙwace. Ƙananan guntaye kuwa ana riƙe su ne da wani katakon, ba da yatsu ba. Haka kuma ba a wasa ƙarfe a kan injin, kuma a binciki tsohon katako a cire ƙusa, domin tartsatsi ɗaya da ya bi bututu ya faɗa buhun ƙura ya isa ya tashi gobara bayan an rufe shago, kuma kasuwannin katako sun sha ganin irin wannan ɓarna.

Wuta da kuɗi

Kafin a biya kuɗin inji, a duba farantin bayanin da ke jikin motonsa. Manyan injinan na son wuta mai layi uku, wadda ba kowane shago ke da ita ba. Injinan tokumbo da aka yi wa kasuwar Amurka kuma an tsara su ne don wutar da ke bugawa sau 60 a daƙiƙa, alhali tamu sau 50 take bugawa, da ƙarfin bolt 230. Irin wannan moto zai yi gudu ƙasa da yadda aka tsara shi da kashi ɗaya cikin shida, yana kuma iya yin zafi. Na Turai da yawancin na Asiya sun dace da wutarmu.

Cin wutarsa ba shi da ban tsoro. Moto mai ƙarfin doki uku yana shan wuta da ta ɗan ɗara yunit biyu a awa ɗaya. Ko da a farashin Naira 225 kan kowane yunit da hukumar kula da lantarki ta NERC ta sanar wa 'yan rukunin A a watan Afrilun 2024, aikin awa guda bai fi 'yan ɗaruruwan Naira ba, injin kuwa ba ya wuni yana gudu. Matsalar tana wajen tayarwa: moto na jan wutar da ta ninka ta gudunsa sau da yawa a daƙiƙun farko, don haka ƙaramin janareto zai durƙushe. Mai dogara da janareto sai ya haɗa lissafin moton injin da na mai zuƙe ƙura, ya kuma bar sarari.

Wanda zai sayi na hannu, ya je da miƙaƙƙen ƙarfen awo ya ɗora a kan farantin ya ga ko tsakiyarsa ta cinye, domin farantin da ya lotsa ba zai taɓa ba da miƙaƙƙen gefe ba. Ya saurari ƙarar boris, ya kuma tabbatar cewa bel na tsayawa a tsakiyar ganga idan an saita shi. Ƙyallen girafait kayan canji ne, ba abin damuwa ba ne. Tsarin injin bai fi ƙarfin ƙwararrun masu walda da juya ƙarfe irin na Panteka a Kaduna ba, amma wanda zai ba da a ƙera masa sai ya fara neman bel ɗin da ake samu a kasuwa, a gina injin a kan awonsa, kuma ya dage a rufe ganguna da bel ɗin moto.

Ga ƙaramin kafinta mai haɗa gado ɗaya ko biyu a wata, sayen injin shi kaɗai ba lallai ne ya biya kansa ba. Amma akwai tsarin da kasuwannin katako suka daɗe da shi: mai injin tsaga da na fere yana zaune a wuri ɗaya, kafintoci na kawo katako ana yi masu aiki suna biya a kan kowane falanki. Babu abin da zai hana injin goge gefe shiga wannan layi, ko kuma ƙungiyar kafintocin unguwa ta haɗa kuɗi ta sayi guda ɗaya da injin zuƙe ƙurarsa, ta damƙa shi a hannun mutum ɗaya da ya koyi saita shi, ana biyan kuɗin bel da na wuta daga abin da ake karɓa.